Kayan Wasan Da Aka Janye Daga Kasuwa: Me Ya Shafi Yaranmu?

Tambaya: Ina da ƙaramar makarantar rainon yara, daga 'yan wata 6 zuwa 'yan shekara 5, kuma yawancin kayan wasanmu na gwanjo ne, domin na ga sun fi sababbin kasuwa ƙarko. Kwanan nan na ji cewa a Amurka da Turai akan janye kayan wasa daga kasuwa saboda suna cutar da yara. Wane irin haɗari ne wannan, kuma ta yaya zan gane ko akwai irin waɗanda aka janye a cikin namu?

Amsa: Malama, yana yiwuwa ƙwarai a sami abin da aka janye a cikin kwandon kayan wasanku, kuma idan yana nan babu wanda zai aiko miki da sanarwa. Sai dai ina so ki riƙe wani abu tun daga farko, domin a kansa sauran bayanin zai ginu. Duk abin wasan da kika ji an janye, an janye shi ne saboda akwai hukumar da ta gwada shi, ko kamfanin da kansa ya gano aibinsa ya sanar da ita, ko ta bi diddigin yaron da ya ji wa rauni har ta kai ga kamfanin da ya ƙera shi. Mafi yawan kayan da ke cika farantin 'yan talla da rumfunan kasuwanninmu kuwa ko sunan kamfani ba su da shi, balle a yi maganar gwaji, saboda haka ba za su taɓa shiga jerin waɗanda aka janye ba ko da sun fi su illa. Duba jerin yana da amfani, kuma zan nuna miki yadda ake yi, amma abin da zai fi tsare yaran da aka ba ki amana shi ne ki san haɗarin da kanki, ki iya gane shi da idonki da hannunki.

A Amurka hukumar da ke kula da wannan ita ce CPSC, wadda aka kafa a 1972. Doka ta wajabta wa kamfani ya sanar da ita cikin awa 24 idan ya sami labarin cewa kayansa na iya jawo mummunan rauni, daga nan sai a fitar da sanarwa mai ɗauke da hoton kayan da lambarsa da abin da za a yi wa wanda ya saya, ko a mayar masa da kuɗinsa, ko a canza masa, ko a gyara. Tun daga 2008 laifi ne a sayar da abin da aka janye, ko da a shagon tsofaffin kaya ne. Tarayyar Turai kuma tana da tsarin da ake kira Safety Gate, inda ƙasashe ke sanar da juna kayan da aka kama, ana fitar da rahoto duk mako, kuma kayan wasan yara ba sa barin sahun gaba a wannan rahoto. To, amma ko a can ɗin janyewa ba ta share kasuwa tas. A watan Afrilun 2019 kamfanin Fisher-Price ya janye wani ɗan gadon jarirai mai jingina da ake kira Rock 'n Play, guda miliyan 4.7, bayan an danganta shi da mutuwar jarirai fiye da 30, waɗanda sukan juya a cikinsa su kife fuska numfashi ya toshe. A watan Janairun 2023 sai da aka sake shelanta janyewar, domin adadin da aka ruwaito ya kai kusan 100, kuma aƙalla 8 daga ciki sun mutu ne bayan sanarwar farko. Idan a ƙasar da kowa ke da adireshi da rasit abin ya ci gaba da zama a gidaje, babu abin da zai hana wata uwa da ba ta ji labari ba ta haɗa shi da tsofaffin tufafi ta ba da kyauta, a ɗaure shi a dila, ya biyo jirgin ruwa ya iso gare mu ba kwali ba takarda.

Haɗuran ba nauyinsu ɗaya ba, kuma wanda na fi tsoro shi ne wanda iyaye suka fi rainawa, wato ƙaramin batirin nan mai faɗi kamar kwabo. Yana cikin agogon yara, da wayar wasa mai waƙa, da takalmi mai walƙiya, da tabarau mai wuta irin na Sallah, da ƙaramar tocila, da rimot ɗin mota. Mafi muni shi ne mai faɗin milimita 20, wanda akan rubuta CR2032 a bayansa, domin girmansa ya yi daidai da ya maƙale a hanyar abincin ƙaramin yaro. Mutane da yawa suna zaton illarsa ita ce ya fashe ruwansa ya zuba, alhali ba ya buƙatar fashewa. Da zarar ya maƙale, miyau ya haɗa gefensa biyu, sai wuta ta fara gudana, ta haifar da sinadari mai cin nama irin sodar da ake dafa sabulu da ita, kuma cikin awa 2 kacal zai iya yin mummunar ƙuna. Wanda yake shakka ya ɗauki sabon batiri ya tura shi tsakanin yanka biyu na ɗanyen nama mai ɗan laima, ya ajiye: ba da jimawa ba zai ga kumfa tana tsattsafowa a gefensa, bayan 'yan sa'o'i kuma zai tarar da baƙin zobe ya ci naman. Haka yake yi a wuyan yaro, kuma dab da hanyar abincin nan akwai hanyar numfashi da babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, shi ya sa wasu yaran sukan mutu da aman jini kwanaki bayan an ciro batirin. Batirin da ya daina kunna abin wasa ma yakan rage da ƙarfin da zai yi wannan ɓarna.

Abin da ke sa a makara shi ne alamominsa sun yi kama da na cututtukan yau da kullum. Yaro ya fara dalalar da miyau, ya ƙi abinci, ya yi amai ko tari, sai a ce haƙori ne ko mura, a ba shi maganin zazzaɓi a kwantar. Saboda haka idan kika ga murfin batiri a buɗe kuma batiri ɗaya ya ɓata, kada ki jira alama, ki ɗauki yaron zuwa babban asibitin da ake ɗaukar hoton ƙirji kuma ake da likitan da zai iya zura na'ura ya ciro, sannan ki faɗi kalmar batiri tun daga bakin ƙofa, domin a hoto yana kama da kwabo, sai likita ya lura da zobe biyu a gefensa kafin ya bambance su, kuma kwabo yana iya jira, batiri ba ya jira. Kada a sa yaro amai, kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba yi idan an sha guba. Abu ɗaya da masana guba suka amince a bayar a kan hanya shi ne zuma: ƙaramin cokali 2 duk bayan minti 10, har sau 6, da sharaɗin yaron ya cika shekara 1, yana iya haɗiya, kuma ba a wuce awa 12 da haɗiye batirin ba. Zumar tana lulluɓe batirin ne ta rage saurin ƙunar, ba ta warkarwa, kuma ba a tsayawa nemanta idan babu ita a kusa. Jariri ɗan ƙasa da shekara ba a ba shi zuma. Yara sukan cusa ƙananan batiran a hanci ko kunne, nan ma aikin gaggawa ne, domin yana iya huda gurunguntsin da ya raba ƙofofin hanci. Amurka ta yi doka ta musamman a kan wannan a 2022, Ostireliya ma ta fara tilasta nata ƙa'idojin a shekarar, kuma jigonsu ɗaya ne: murfin batiri kada ya buɗu sai da sukundireba ko da motsi biyu a lokaci guda. Wannan ƙa'ida za ki iya aiwatar da ita a makarantarki yau. Duk abin wasan da murfin batirinsa ke buɗuwa da farce, ko aka ɗaure shi da salatif, ki cire shi.

Na biyu shi ne maganaɗisu, ba baƙin nan mai rauni na tsohuwar rediyo ba, a'a, ƙananan masu sheƙi kamar azurfa waɗanda ke da ƙarfin gaske. Idan yaro ya haɗiye ɗaya tak, sau da yawa yakan bi bayan gida ya fita. Idan ya haɗiye biyu a lokuta daban-daban, ko ɗaya tare da wani ƙarfe, sai kowanne ya kama hanyarsa a cikin hanji, su hango juna ta bangon hanjin, su manne, su matse naman da ke tsakaninsu har jini ya daina isa wurin, ya ruɓe ya huje, ƙazanta ta zuba cikin ciki. Yaron zai yi ciwon ciki da amai da zazzaɓi, abin da kowa zai ɗauka shawara ce ko taifot, kuma maganinsa yawanci tiyata ce. A 2006 an janye kayan gini na wasa mai suna Magnetix kusan miliyan 3.8 bayan wani yaro ɗan wata 20 ya mutu a jihar Washington ta Amurka, maganaɗisun sun zubo ne daga cikin robar kayan wasan yayansa. A watan Agustan 2007 kamfanin Mattel, wanda ke cikin mafi girma a duniya, ya janye kayan wasa fiye da miliyan 18 saboda wannan matsala, ciki har da 'yan tsanar Polly Pocket. Akwai darasi a yadda wannan lamari ya ƙare. Da farko duniya ta ɗora laifin a kan masana'antun China, amma a watan Satumba na shekarar sai da wani babban jami'in kamfanin ya je Beijing ya nemi afuwa, ya amsa cewa mafi yawan kayan da aka janye kuskuren daga zanen kamfanin ne, ba daga masu ƙerawa ba. Ina kawo wannan ne saboda yadda muke cewa “ai wannan ɗan Turai ne” kamar maganar ta ƙare ke nan. Babban suna yana rage haɗari, ba ya kawar da shi, kuma akasarin kayan manyan kamfanonin ma a China ake yin su. Bambancin yana ga wanda ya sa ido a kan aikin.

Shaƙewa ita ce ta fi yawa, kuma a nan gwanjo yake da rauni na musamman. Masu gwaji suna da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, wato inci 1 da kwata, wanda aka auna da maƙogwaron yaro ɗan ƙasa da shekara 3. Duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya, ko ya ɓalle daga jikin abin wasa bayan an ja an murɗa an yar da shi ƙasa sannan ya shige, ba a yarda a sayar wa wannan rukuni ba. Ƙwallo kuwa sai ta wuce milimita 44.5, domin abu mai zagaye yakan toshe hanya ruf. Idan ba ki da abin awo, kwalin da ake naɗe tishu a kansa ya isa, abin da ya wuce ta cikinsa bai dace da ajin ƙanana ba. Alamar nan ta jan da'ira mai fuskar jariri da 0-3 da aka soke da layi, wannan take nufi, ba ta da alaƙa da wayon yaro, don haka maganar “ai nawa yana da basira” ba ta shiga nan. Matsalar ita ce alamar a jikin kwali take, kayan gwanjo kuwa ba sa zuwa da kwali, an cakuɗa na ɗan shekara 8 da na ɗan wata 8 a buhu guda. Ga shi kuma roba idan ta tsufa ta sha rana takan bushe ta riƙa ɓarewa. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya: ki ja idon 'yar tsana da hancinta da ƙarfi, ki murɗa tayar mota, ki matsa ɗinkin teddi ki ga ko auduga ko ƙananan ƙwayoyi za su fito. Ki kula sosai da ɗan usur ɗin da ke cikin robar da ake matsawa ta yi ƙara, da wanda ke cikin takalmin jarirai mai kuka, da mabusar da ake haɗawa da alewa, domin yaro yana zuƙar iska zai iya zarce da shi cikin huhu, kuma likitocin kunne da hanci da maƙogwaro sun san wannan sarai.

Balan-balan ta cancanci a ware ta. A ƙididdigar Amurka ta daɗe tana cikin kayan wasan da suka fi kashe yara ta hanyar toshe numfashi, shi ya sa gargaɗin da ake rubutawa a jikinta ya kai har shekara 8, ba 3 ba. Guntun da ya fashe, ko wadda yaro ke ƙoƙarin hurawa ta koma ciki, takan shimfiɗu ta manne a hanyar numfashi, bugun baya kuma ba ya cika fitar da ita. Idan an yi biki a makaranta, a tsince gutsattsarin nan take. Abu mai siffar rabin ƙwarya ma yana da nasa haɗari: a ƙarshen 1999 kamfanin Burger King ya janye ƙwallayen roba na Pokémon fiye da miliyan 25, bayan rabin ɗaya ya kife a kan hanci da bakin wata jaririya 'yar wata 13 ya manne. Kowace mai raino a wurinki ya kamata ta iya taimakon farko: jariri a kifa shi a kan hannu kansa ya yi ƙasa, a buga tsakanin kafaɗunsa sau 5, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji sau 5, wanda ya wuce shekara 1 a buga bayan, sannan a rungumo shi ta baya a matsa saman cibiya ciki da sama. Ba a zura yatsa a lalubi abin da ba a gani ba, domin sau da yawa tura shi ake ƙara yi. Wannan a nemi ma'aikacin lafiya ya koya musu a aikace, karatu kaɗai ba ya wadatarwa.

Akwai kuma ƙananan ƙwayoyin nan masu launi da ake jiƙawa a ruwa su kumbura su yi santsi, waɗanda ake zubawa a kwalbar fure ko a harba da bindigar wasa. A bushe ba su fi ƙwayar gero ba, a cikin hanji kuwa sukan ci gaba da shan ruwa har su toshe shi, kuma ba sa fitowa sosai a hoton asibiti. A 2023 an janye wani samfurinsu guda 52,000 a Amurka bayan mutuwar wata jaririya 'yar wata 10. Ba su da gurbi a wurin rainon yara ko kaɗan.

Sai guba, wadda ita ce ba a gani da ido. Mu a Arewa ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan dalma, domin a 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, sannan ta sake ɓulla a jihar Neja a 2015. Abin da ke cikin fentin kayan wasa bai kai wannan yawa ba, kuma nan ne wahalar take, domin yaron ba zai suma ba, ba zai yi farfaɗiya ba, sai dai a hankali ta rage masa kaifin ƙwaƙwalwa da natsuwa, ta jawo ƙarancin jini, kuma abin da ta lalata a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki 4 zuwa 5 na abin da jikin babba zai tsotsa, musamman idan yaron ba ya samun abinci mai gina jini. Ana sa ta a fenti ne saboda tana da arha, tana sa ja da rawaya su yi haske, kuma fentin ya yi saurin bushewa. Amurka ta taƙaita ta a 1978 zuwa kashi 600 cikin miliyan, amma duk da haka a watan Yunin 2007 an janye jiragen ƙasa na katako na Thomas & Friends miliyan 1.5, bayan wata biyu kuma Fisher-Price ya janye kusan miliyan 1, saboda wani ɗan kwangila ya yi amfani da fentin da ba a amince da shi ba. Daga baya an ci Mattel, wanda shi ne ya mallaki Fisher-Price, tarar dala miliyan 2.3. Abin kunyar shekarar 2007 ne ya haifar da dokar 2008, wadda ta sauko da iyakar zuwa kashi 90 cikin miliyan, ta wajabta gwaji a ɗakin bincike mai zaman kansa, ta kuma tilasta a buga wa kayan yara alamar da ke nuna wanda ya yi su da lokacin da aka yi su. Wannan ya ba ki ma'auni mai amfani: abin wasan gwanjo mai fenti da aka yi kafin 2009 ya fi wanda aka yi bayanta zama abin tuhuma, kuma shekarar takan kasance a buge a ƙarƙashinsa.

Sarƙa da awarwaro da zoben yara na ƙarfe mai arha sun fi fenti haɗari, saboda wani lokaci ƙarfen kansa kusan dalma ce zalla, ko kuma kadmiyam, wanda shi ma ƙarfe ne mai guba. A 2006 wani yaro ɗan shekara 4 ya mutu a birnin Minneapolis na Amurka bayan ya haɗiye ɗan abin ado mai siffar zuciya da ke jikin awarwaron da kamfanin Reebok ke bayarwa kyauta tare da takalmi, aka janye guda 300,000. Irin waɗannan kayan ado su ne muke saya wa 'yan mata da Sallah, kuma yarinya takan wuni tana tsotsar abin wuyanta. Tun da ana maganar dalma, ki ja hankalin iyayen yaranki a kan kwallin dutse da ake sa wa jarirai: a 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston da ya kamu da gubar ta hanyar kwallin da aka kai daga Najeriya, wanda gwaji ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Babu yadda za a gane dalma da ido ko wari, sai da na'urar gwaji, saboda haka dokar da zan ba ki mai sauƙi ce: abin da fentinsa ke ɓarewa ko yake barin launi a jiƙaƙƙen farin ƙyalle, da duk wani ƙarfen ado marar suna, kada ya shiga hannun yaron da ke kai abu baki. Motar gwangwani da yara ke ƙerawa da kansu ma, idan za a shafa mata fenti, kada ya zama ragowar fentin mota ko na ƙofar ƙarfe.

Wani lokaci gubar takan zo ta inda ba a zata ba. A watan Nuwamban 2007 an janye wasu ƙananan duwatsun ado na roba da ake fesa wa ruwa su manne, masu suna Aqua Dots a Amurka da Bindeez a Ostireliya, guda miliyan 4.2 a Amurka kaɗai, bayan yaran da suka haɗiye su sun faɗi sumammu. Masana'anta ce ta musanya sinadarin da aka tsara da wani mai arha, wanda jiki ke mayar da shi ƙwayar sa maye mai gusar da hankali. A shekarar ce kuma aka ba wannan kaya lambar yabo ta gwarzon abin wasa a Ostireliya.

Game da bindigar roba mai harba ƙananan ƙwallaye da abin fashewar da yara ke kunnawa lokacin bukukuwa, ba sai na tsawaita ba. Ido ɗaya da harsashin roba ya fasa ba ya gyaruwa, kuma ba kayan makarantar raino ba ne.

Yanzu ga yadda za ki bincika. Ki juya kowane abin wasa ki duba ƙarƙashinsa ko cikin murfin batirinsa ko ɗan ƙyallen da aka ɗinka a gefensa, za ki ga sunan kamfani da shekara da wata lamba. Ki shiga shafin CPSC na intanet, sashen kayan da aka janye, ki rubuta sunan. Haka za ki yi a shafin Safety Gate, kuma OECD, wata ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe, tana da rumbun da ke tattara sanarwar ƙasashe da dama wuri guda. Ki gwada hoton da lambar, domin sau da yawa rukunin da aka yi a wasu watanni kawai abin ya shafa. Ki fara da kayan kwanciya da kujerun jarirai da duk abin da ke da batiri ko maganaɗisu ko fenti. Alamar CE da za ki gani a jikin kaya da yawa kada ta ruɗe ki: a mafi yawan lokuta mai kayan ne da kansa yake buga ta a matsayin iƙirarin cewa ya bi ƙa'idar Turai, ba hukuma ce ta gwada ta ba shi ba, kuma mai jabu ba ya jin nauyin buga haruffa biyu. Rashinta abin tuhuma ne, samunta ba hujja ba ce.

A Najeriya hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kayan da ake shigowa da su, a ƙarƙashin tsarinta na tantance kaya da ake kira SONCAP, kuma dokar kare masu sayayya ta 2018 da ta kafa hukumar FCCPC ta wajabta wa mai kaya ya sanar da jama'a ya kuma janye kayansa idan ya gano suna da haɗari. A fannin magani muna ganin irin wannan tana aiki, kamar yadda NAFDAC ta janye wani rukunin maganin tarin yara na Benylin a watan Afrilun 2024, kuma abin da ya sa ta yiwu shi ne kowace kwalba tana da suna da lambar rukuni. Abin wasan da aka auno a buhu, ya bi hannu biyar kafin ya iso farantin mai talla a bakin makaranta, ba shi da ko ɗaya, saboda haka ko an so a janye shi ba a san wa za a kira ba. Duk da haka idan wani kaya ya ji wa yaro rauni, ki adana shi, ki ɗauki hotonsa, ki kai ƙorafi FCCPC, domin ko a Amurka yawancin janyewar da na lissafa daga rahoton iyaye da likitoci suka faro.

Idan kika tambaye ni ra'ayina tsakanin gwanjo da sabo, ba zan ce ki bar gwanjo ba. Manyan tubalan roba na sanannen kamfani, waɗanda launinsu a cikin robar yake ba shafe ba, da aka yi bayan 2009, aka wanke su da sabulu, sun fi mini kwanciyar hankali a kan sabuwar wayar wasa marar suna mai wari kamar kananzir da murfin batiri mai lilo. Abin da ba zan saya a gwanjo ba shi ne duk abin da jariri zai yi barci a cikinsa, da mai maganaɗisu, da tsohon katako ko ƙarfe mai fenti. Kuma tun da yaranki sun kama daga wata 6 zuwa shekara 5, babban aikinki shi ne raba kwanduna da raba wurin wasa, saboda abin wasan babba ne yakan kashe ƙarami, kamar yadda ya faru a lamarin Magnetix. Mai rarrafe shi ke tsintar abin da ya faɗi a ƙarƙashin tabarma. A sa wata malama ta riƙa bin kayan duk ƙarshen mako tana ja tana murɗawa, a kuma hana yara zuwa da nasu daga gida, musamman a makon da ya biyo bayan Sallah.

Abin da kika cire kuma kada ki ba mai shara ko mai gadi ya kai wa 'ya'yansa, kada kuma ki jefa shi a bola yadda yake, domin kafin yamma wani yaron ya tsince shi, ko 'yan jari-bola su mayar da shi kasuwa. A farfasa shi yadda ba zai sake amfani ba, a ƙulle a leda. Batiran kuwa a ciro su, a naɗe kowanne da salatif ta gefe biyu, a tara su a kwalba mai murfi a wurin da hannun yaro ba ya kaiwa, kuma sababbin da kike ajiyewa don canji su ma a kulle su tare da magunguna.